Ginin Shafin Intanet da Neman Gyara ta Waya

Jawabi ga hakimai da malamansu na ƙasar Maƙarfi, Ikara da Kudan



Sanin kowa ne, tun da wayar hannu ta bazu a Nijeriya daga shekarar 2001 al'amura suka sake. Manomin rake a Ɗandamisa ya kan ji kuɗin mazarƙwaila a Zariya ko Kano yana tsaye a bakin fadamarsa. Yanzu kuma makarantu da ƙungiyoyin gari da ofisoshi suna so su mallaki shafi nasu a intanet, inda za su riƙa sa sanarwa, kamar ta ranar rigakafi ko ta rabon taki. Wannan abin kirki ne. Amma akwai wani tarko a ciki, wanda ba a kan gane shi ba sai ran da shafin ya lalace aka tashi neman gyara.

Yadda A Ke Ginin Shafi

Wani Bature mutumin Ingila, Tim Berners-Lee, shi ya ƙago wannan dabara a shekarar 1989, sa'ad da ya ke aiki a gidan binciken CERN a ƙasar Suwizalan. Shafi kamar gida ya ke, yana bukatar abu uku.

Na fari shi ne suna, watau adireshin da mutane za su rubuta su iso. Sunayen da ke ƙarewa da .ng suna hannun ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, masu ƙarewa da .gov.ng kuwa an keɓe su ga ma'aikatun Gwamnati. Suna ba a sayensa baki ɗaya. Haya ce, galibi ta shekara shekara, in ba a sabunta ba ya kan kuɓuce, wani ya ɗauka.

Na biyu shi ne ma'ajiya, watau babbar kwamfutar wani kamfani wadda ba ta barci dare da rana, inda a ke ajiye shafin. Ita ma haya ce.

Na uku shi ne ginin kansa. Magini yana aza tubali da HTML, ya yi yaɓe da ado da CSS, ya sa ƙofofi masu buɗewa da rufewa da JavaScript. Waɗansu kuwa su kan ɗauki gini shiryayye irin su WordPress, wanda ya fito a 2003, su gyara shi kawai.

Ran Da Shafi Ya Ƙi Buɗewa

A ce an sa wani yaro mai ilmi ya yi wa ofis wannan aiki, an biya shi, kowa ya yi murna. Bayan shekara guda shafi ya ɗauke. Malam ya buga waya kamfani. Wata murya ta ce ya danna ɗaya, ya danna biyu, sa'an nan aka sa masa kiɗa har kuɗin wayarsa ya kusa ƙarewa. Da aka ɗauka aka ce ya kashe kwamfuta ya sake kunnawa. Kamfanin waya ya ce laifin masu ma'ajiya ne, masu ma'ajiya suka ce laifin magini ne, magini kuwa ya tafi bautar ƙasa ya sake lamba. Daga ƙarshe aka tambayi malam sunan wa aka yi rajista da shi. Ashe da sunan yaron ne. Nan magana ta ƙare, domin ba za su ba shi mabuɗi ba.

Kada malam ya ga laifin mai ɗaukar waya ƙwarai. Ba ya ganin abin da ke gaban malam, sai abin da aka faɗa masa. An kuma hana shi miƙa mabuɗi ga wanda sunansa ba ya cikin rajista, kuma wannan hani shi ne ke kare ofis daga ɓarayi. Kuskuren tun ran gini aka yi shi. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin tsoro kuwa shi ne, in sunan ya faɗa hannun macuci, yana iya sa sanarwar ƙarya da sunan hakimi, ya karɓi kuɗin talakawa, mutuncin da aka daɗe ana tarawa ya zube.

Abin Da Ya Wajaba A Yi

1. A yi rajistar suna da ma'ajiya da sunan ofis, da lambar waya da adireshin imel na ofis, ba na magini ba.

2. Kada a cika wa magini ladansa sai ya miƙa kalmomin sirri duka, an gwada su a gabansa, sa'an nan a sake su. A rubuta, a kulle wuri ɗaya da hatimin ofis.

3. Malam ya rubuta ranar ƙarewar haya cikin littafinsa, a biya tun da sauran wata guda.

4. A riƙa kwafe abin da ke cikin shafi ana ajiyewa a wani wuri dabam.

5. Kafin a buga waya, a gwada shafin da wata waya ta wani kamfani. In ya buɗe a can, ciwon na layi ne. In an ga lamba 404, an isa ma'ajiya amma ba a sami abin da a ke nema a wannan adireshi ba. In an ga 500, ciwon yana can cikin ma'ajiya ko ginin. Da haka malam zai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

6. In an ɗauka, ya faɗi abin da ya gani, da lokacin da ya fara, ba tare da fushi ba. Ya nemi lambar koke, ya rubuta ta tare da rana da sa'a, yadda a ke rubuta ƙara gaban alƙali.

7. In maganar layin waya ce, tun 2023 lamba 300 ita ce ta neman taimako a dukan kamfanonin waya. In kamfani bai share hawaye ba, sai a kira 622, lambar Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, kyauta ne. Za su nemi lambar koken nan ta farko.

Malaman hakimai sun gaji riƙon littafin haraji da na shari'a, ba su bar kwabo ya ɓace ba. Wannan riƙo shi a ke bukata a nan, ba wani sabon ilmi mai wuya ba. Ana roƙon kowane hakimi, in ya koma gida, ya kira malaminsa ya tambaye shi da sunan wa aka yi rajistar shafin ofis, da ranar da hayarsa za ta ƙare. In kunne ya ji, jiki ya tsira.

Allah ya ja zamanin Sarkin Zazzau, ya ƙara wa hakimai lafiya, ya ba ƙasa zaman lafiya da damina mai albarka. Amin.