Almajiranci da Miƙa Wuya a Wurin Maƙwabtanmu Kirista

(Jawabin da aka gabatar a taron ƙungiya na wata-wata)

 

An ce mu yi bayani a kan abin da maƙwabtanmu Kirista ke nufi idan suka ce mutum ya zama almajirin Yesu. Mu ba malaman addininsu ba ne, 'yan kasuwa ne masu ɗan karatun Islamiyya. Amma nan Gwagwalada, daga Kutunku har Dagiri, rumfa ɗaya muke zama da Gbagyi da Bassa da Ibo, mu ba su bashi su ba mu. Wanda kake hulɗa da shi kullum, ya kamata ka san abin da yake tsoro da abin da yake girmamawa.

Abin da zai fara ba ku mamaki shi ne kalmominmu suke amfani da su. Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara bugawa cikakke a 1932, almajirai ya kira mabiyan Yesu goma sha biyu. Mun kuwa san asalin kalmar: almuhajir, wato wanda ya bar gida don neman ilmi. To, haka suke faɗa game da nasu. Bitrus da Andarawus masunta ne, aka kira su suka bar taru. Matta mai karɓar haraji ne, ya tashi daga wurin aikinsa ya bi. Alƙur'ani ma ya ambaci Hawariyawa a cikin Ali Imrana da Suratus Saffi.

A wurinsu, haihuwa a gidan Kirista ba ta isa ba. Sai mutum ya tuba da kansa, ya furta da bakinsa, a coci da yawa kuma sai ya kai hankali kafin a yi masa baftisma. Daga nan sai su ce ransa ba nasa ba ne kuma: kuɗinsa, aurensa, sana'arsa, duk na Ubangiji ne. Wannan suke kira musun kai da ɗaukar gicciye. Kashi ɗaya cikin goma da suke fitarwa ma, zakka suke ce masa.

Jama'a, kada mu ɗauka wannan abu na mutanen Kudu ne kaɗai. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an kashe wani malami, Malam Ibrahim, saboda koyarwarsa a kan Annabi Isa. Mabiyansa, waɗanda ake kira Isawa, suka warwatsu, wasu suka nufi Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka sadu da Dokta Walter Miller na mishan a Zariya, suka karɓi Kiristanci, suka zauna a Gimi. Ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna a can, amma waɗanda suka rage ba su juya baya ba. A 1929 mishan ta koma Wusasa. Daga wannan zuriya Farfesa Ishaya Audu ya fito, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Hausawa ne kamarmu, harshe ɗaya, tuwo ɗaya.

Sai dai mu faɗi gaskiya, akwai inda muka rabu. Su Yesu suke kira Ubangiji, gare shi suke miƙa wuya. Mu kuwa Annabi Isa, alaihis salam, bawan Allah ne kuma ManzonSa, miƙa wuyanmu ga Allah ne Shi kaɗai. Ba sai mun ɓoye wannan ba, su ma ba sa ɓoyewa. Sanin bambancin shi ke hana gardamar banza a bakin rumfa.

Me ya sa muka damu? Mun tuna Kafanchan a 1987 da Zangon Kataf a 1992. Duk inda wuta ta tashi, kasuwa ke fara ci, baƙo kuma shi ke fara asara. Mu nan baƙi ne, dukiyarmu a fili take.

Saboda haka ga shawararmu. Idan abokin cinikinka ya ce ba zai buɗe shago ran Lahadi ba, kada ka yi masa ba'a, kai ma kana rufewa ran Juma'a da azahar. Idan ya ce shi almajirin Yesu ne, to ka riƙe shi da maganarsa, ya cika alkawari. Shi ma zai riƙe ka da taka, domin ya ji kana cewa ka miƙa wuya ga Allah, kuma mudunka yake kallo. Kada a same mu da tauye awo.

Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, Ya sa albarka a kasuwanninmu. Wassalamu alaikum.