Ƙaramin Teburin Gefen Gado: Aikin da Mace Za Ta Fara Kafinta da Shi

(Jawabin da wata 'yar ƙungiyarmu mai sana'ar kafinta ta gabatar a taron zagayowar ranar kafa ƙungiya)

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da maigidanta da suka rako iyalansu, barkanmu da ganin wannan rana. Allah Ya maimaita mana.

An ce in yi magana a kan sana'ar hannu, sai na zaɓi abu ɗaya ƙarami: teburin nan da ake ajiyewa a gefen gado ko kujera, a ɗora fitila ko kofin shayi. Duk wadda ta taɓa aurar da 'ya ta san abin da kayan ɗaki ke ci. Mu ne muke zubi wata da watanni, mu kwashe kuɗin mu kai wa kafinta, wani lokacin kuma kafin amarya ta yi haihuwar fari ƙafar tebur ta fara rawa. To, wannan teburin mace za ta iya yinsa a tsakar gidanta, kuma wadda ta iya shi ta kama hanyar yin kujera da kanta.

Mu fara da katako. Akwai mai taushi irin obeche, fari ne marar nauyi, yana da daɗin yanka, amma ƙwari na son sa. Akwai kuma mai tauri, shi nake so mu yi aiki da shi: maɗaci, wanda 'yan katako ke kira mahogani, da kawo, da iroko da ake kawowa daga kudu. Ga mai koyo na fi son maɗaci, domin yana bin zarto, kuma jan launinsa yana fitowa da kyau. Kirya ku bar wa masu sassaƙa turmi, za ta cinye muku zarto. Madobiya kuwa an sare ta fiye da kima ana kaiwa ƙasar Sin, har a 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Mu ƙyale ta ta farfaɗo.

Ga abin da nake so kowa ta tafi da shi gida ko da ta manta sauran. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wajen kafinta kuwa, ɗanyen icce shi yake tanƙwara kansa bayan kin gama aiki. Katako yana shan danshi da damina ya kumbura, ya saki da hunturu ya tsuke, kuma ta faɗinsa yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. In kika haɗa tebur da ɗanyen katako a watan Agusta, ki jira Janairu ki ga tsaga. Saboda haka in kin je 'yan katako, ko Na'ibawa a Kano ko kasuwar garinku, ki ɗaga allon ki ji. Ɗanye yana da nauyi da sanyi a hannu, garinsa kuma yana dunƙulewa in an yanka. In kin kawo gida, ki jera shi a inuwa, ki sa 'yan sanduna tsakanin allo da allo don iska ta ratsa, ki ba shi makonni. Kada ki shanya shi a rana kamar kuɓewa, tsagewa zai yi.

Kayan aiki ba su da yawa: zarto, guduma, kurfi, tef na awo, sukwaya, fensir, gam na katako, sukuru da samfefa. Masu inji a kasuwa za su tsaga miki katakon su goge shi a kan kuɗi kaɗan.

Ga awon. Ƙafafu 4, kowace tsawon inci 22, kauri inci 1 da rabi ta kowane gefe. Saman tebur inci 16 ta kowane ɓangare, kauri inci 1. Allo biyu masu faɗin inci 8 za ki haɗa da gam. Sai 'yan alluna 4 da ke riƙe ƙafafu a ƙarƙashin saman, faɗin inci 3, tsawon inci 12 da rabi. Inci 11 ne za a gani, ragowar shi ne harshen da zai shiga cikin ƙafa ta nan da ta can. Ki haɗa ƙafafun huɗu wuri ɗaya ki ja musu layi lokaci guda, don kada ɗaya ta fi 'yar'uwarta.

Wannan harshe da raminsa su ne ƙarfin tebur. Ki huda rami a jikin ƙafa da kurfi, ki fere bakin allon ya zama harshe mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na allon. Ya shiga da turin hannu ko ɗan bugu kaɗan. In sai an dage da guduma, ƙafar za ta tsage. In yana lilo, gam ba zai cece shi ba. Ƙusa ta fi sauri, na sani, amma teburin ƙusa shi ne mai rawar nan da na ambata.

Ki haɗa komai ba gam tukuna, ki auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ki auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu sun zo daidai, aikinki ya miƙe. Sai ki shafa gam, ki ɗaure tam da robar tsohon tayar keke, ki bar shi ya kwana. Saman kuma kada ki manne shi da gam. Ki ɗaure shi da sukuru ta ƙasa, ki ɗan faɗaɗa hujin don ya sami wurin motsi tsakanin damina da hunturu. Kowane sukuru a fara huda masa hanya, katako mai tauri ba ya karɓarsa haka kawai.

Sai guga: samfefa mai lamba 80, sannan 120, sannan 180, kina bin layin katakon. Ki shafa banish sama da ƙasa duka, don danshi kada ya shiga ta gefe ɗaya ya lanƙwasa shi. Ki rufe hanci, ƙurar iroko musamman tana sa tari da ƙaiƙayi. In kina kusa da inji, ki ɗaure mayafi da kyau. Yara kuma a nisanta su da kurfi.

Yanzu ga roƙona, Hajiya Shugaba. Abin da ke hana mace farawa shi ne kuɗin kayan aiki. Ina roƙon kwamiti ya duba yiwuwar sayen saiti ɗaya daga asusun ƙungiya, a riƙa ara ana sa hannu a littafi kamar yadda muke yi da bashi. Ni kuma na ɗauki alkawarin zama da rukunin farko har kowace ta gama teburinta. Sharaɗina ɗaya: kowa ta rubuta abin da ta kashe, katako, gam, kuɗin inji, kuɗin mota, da kwanakin da ta yi, domin da wannan lissafin za mu san farashin da za mu sa ba tare da mun ci uwar kuɗi ba. Mai sha'awa, ko ita ko 'yarta, ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi.

Allah Ya sa albarka a zubinmu da hannuwanmu.