Ba Kowane Raunin Ƙafa Ne Na Gado Ba
Jawabin da muka yi wa masu kula da lafiya na ƙauyuka a Wasagu



Akwai gidajen da muka sani da raunin ƙafa: uba yana jan ƙafa, ɗa ma haka, ƙwaurinsu ya siririce. Sau da yawa wannan ciwon jijiya ne na gado. Likitoci suna kiransa Charcot-Marie-Tooth, kuma yakan sami kusan mutum 1 cikin 2,500. Ba sammu ba ne, ba a kuwa ɗaukarsa. A hankali yake tafiya, shekara da shekaru.

Amma akwai wani ciwo dabam, Guillain-Barré, mai zuwa da sauri. Mutum ya yi mura ko zazzaɓi ko zawo, ya warke. Bayan mako ɗaya zuwa uku, garkuwar jikinsa da ta yaƙi ƙwayar cutar sai ta juya kan jijiyoyinsa, su kumbura. Rauni ya fara daga ƙafafu biyu, ya hau sama cikin 'yan kwanaki. Yakan kama kowa. In ya faɗa wa mai ciwon gado, jijiyoyinsa dama ba su da ƙarfi, ga shi kuma mu mukan ce, "Ai ciwon gidansu ne," mu bar shi a ɗaki. Nan ne hatsarin yake, gama raunin yana iya kaiwa ga numfashi.

To, me za mu yi?

Mu tambaya: yaushe abin ya ƙaru? In wanda ya je gona makon jiya yau bai iya tashi ba, mu kai shi asibitin Zuru ran nan. In haɗiya ko numfashi ya yi wuya, kada mu ɗura masa kunu, mu nemi a tura shi babban asibiti, kamar asibitin koyarwa na Sakkwato. Magani ya fi aiki cikin mako biyu na farko, kuma yawancin mutane suna sake tafiya.

In yaro ne ƙasa da shekara 15, mu sanar da ma'aikacin lafiya nan take a gwada kashinsa saboda shan inna. An tabbatar Nijeriya ta rabu da ainihin ƙwayarta a 2020, duk da haka ana bincikar kowane irin wannan yaro.

Ciwon gado ba ya gudu. In mun ga gudu, mu ma mu yi gudu.