Yuraniyam: Abin da Ke Sa a Haƙa da Abin da Ke Sa a Bari

Jawabin da aka gabatar a babban taron ƙungiya na shekara-shekara



Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi magana a kan ma'adinai, saboda a 'yan shekarun nan babu zancen da ya fi yawa a bakin jama'a kamar na arzikin ƙarƙashin ƙasa. Da an ga baƙi suna tsintar duwatsu a bayan wani gari, kafin la'asar labari ya kai Kano da Kaduna da Ikko, kuma ku mazauna birane ku ake fara bugo wa waya ana neman shawara. Na zaɓi yuraniyam domin maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun fi shekara 50 suna haƙarsa, kuma tarihinsu ya nuna a fili cewa samun ma'adini a ƙasa mataki ne na farko kawai. Abin da ke sa a haƙa shi ko a bar shi abu biyu ne: ingancin dutsen da yake ciki, da kuma manufofin gwamnatin da ke mulkin ƙasar.

Ingancin dutse

Yuraniyam wani ƙarfe ne mai nauyi wanda ake sarrafawa ya zama makamashin tashoshin lantarki na nukiliya. Faransa, alal misali, tana samun kusan kashi biyu cikin uku na wutarta daga irin waɗannan tashoshi. Ma'adinin ba shi da wuyar samu. Duwatsun da muke gani tsaitsaye a ƙasar Hausa suna ɗauke da shi, amma bai wuce giram 4 ko 5 a cikin kowane tan na dutse ba. Saboda haka tambayar da masana ke yi ita ce: nawa ne a cikin tan guda?

Manomi ya san wannan lissafi. Dami biyu na gero suna iya zama girmansu ɗaya, amma a wajen sussuka wannan ya ba da tiya takwas, wancan ya ba da biyu, alhali wahalar ɗauka da ta sussuka ɗaya ce. Haka dutsen ma'adini yake. Sai an fasa shi, an kwashe, an niƙa, an jiƙa shi da ruwan asid irin na batir, sannan a tace a sami garin nan mai ruwan ɗorawa da ake sayarwa. Kuɗin wannan aiki a kan yawan dutse yake hawa, ciniki kuwa a kan yawan garin da aka samu.

A mahaƙar Cigar Lake ta ƙasar Kanada, tan ɗaya na dutse yana ba da kimanin kilo 150. A mahaƙar ƙarƙashin ƙasa ta Akuta, kusa da Arlit a Nijar, a da kilo 4 ne ko 5. A Imuraren, da ke tsakanin Agadas da Arlit, bai cika kilo ɗaya ba, kimanin giram 700 ne. Wato abin da mota guda ta dutse za ta bayar a Kanada, sai an kwashi mota sama da 200 a Imuraren kafin a same shi.

Duk da haka, inganci kaɗai ba ya yanke hukunci. An gano Cigar Lake a 1981, amma ba a fara samun amfaninta ba sai 2014, domin ruwa ya cika ramin a 2006 da 2008, kuma sai an daskarar da ƙasar wurin ta zama ƙanƙara kafin a iya aiki. A ɗaya ɓangaren kuma, mahaƙar Rossing ta Namibiya, wadda dutsenta bai wuce giram 300 a tan ba, tana aiki tun 1976, saboda dutsen yana da yawa ƙwarai, yana kusa da sama, kuma tashar jiragen ruwa ba ta da nisa. Zurfi da ruwa da hanya da wutar lantarki duk suna shiga cikin lissafi.

Farashin kasuwa shi ke nuna dutsen da zai ci riba da wanda ba zai ci ba. A tsakiyar 2007 laba ɗaya ta garin yuraniyam, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, ta haura dala 130. Bayan hatsarin tashar Fukushima ta Japan a 2011 kasuwa ta yi ta faɗuwa, har laba ta koma ƙasa da dala 20 a ƙarshen 2016. A farkon 2024 ta sake haura dala 100. Sau da yawa idan kasuwa ta faɗi, mahaƙa mai raunin dutse ita ke fara rufewa.

Manufofin gwamnati

Gwamnati ke ba da lasisi, ita ke yanka haraji, ita ke gina hanya, ita kuma ke da ikon cewa a'a. Ostireliya ta fi kowace ƙasa yawan yuraniyam a ƙarƙashin ƙasa, amma daga 1984 zuwa 1996 manufar gwamnatinta ita ce kada mahaƙai su wuce uku. A wani wuri mai suna Jabiluka akwai dutse mai kyau, sai dai 'yan asalin yankin, mutanen Mirarr, sun ƙi yarda, ba a taɓa fitar da shi kasuwa ba, kuma a 2024 hukuma ta ƙi sabunta lasisin. Tsibirin Girinlan ma ya kafa dokar hana haƙar yuraniyam a 2021. Ƙasar Kazakistan kuwa ta buɗe ƙofa ga abokan hulɗa tare da riƙe kasonta ta hannun kamfanin gwamnati. Dutsenta ba mai ƙarfi ba ne, amma yanayin ƙasar ya ba da damar a tura ruwan asid ta rijiyoyi a zuƙo ma'adinin ba tare da tona rami ba, kuma tun 2009 ta zama ta ɗaya a duniya.

Darasin Nijar

A Nijar ne waɗannan abubuwa biyu suka haɗu a wuri ɗaya. Faransawa masu neman tagulla suka fara cin karo da yuraniyam a Azelik a 1957. Kamfanin SOMAIR ya fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK kuma a Akuta a 1978. Saboda wannan ma'adini aka shimfiɗa kwalta daga Tawa zuwa Arlit, aka kafa tashar lantarki mai amfani da kwal a arewacin Agadas, aka gina garuruwa biyu a tsakiyar hamada, inda dubban Hausawa da Buzaye da sauran ƙabilu suka tafi neman abinci.

Tun farko jayayya a kan farashi take. Shugaba Diori Hamani yana cikin neman Faransa ta ƙara kuɗin yuraniyam aka yi masa juyin mulki a watan Afrilu na 1974. A 2006 Nijar ta yi sabuwar doka wadda ta ba da damar harajin ma'adinai ya tashi daga kashi 5.5 har zuwa kashi 12 cikin ɗari, gwargwadon ribar kamfani. Kamfanin Areva na Faransa bai amince a yi aiki da ita a kan mahaƙansa ba sai a watan Mayu na 2014, bayan doguwar tattaunawa.

Imuraren ita ce babban misali. An gano ta a 1966, kuma an ƙiyasta tana da kusan tan 200,000, abin da ya sa ta cikin manyan wuraren yuraniyam na duniya. An ba Areva lasisin haƙa a 2009 lokacin da kasuwa ke da kyau, aka ɗauki ma'aikata, aka fara tono. Da farashi ya faɗi, dutse mai giram 700 ya kasa biyan kuɗin kansa, aka dakatar da aiki a 2014. A watan Yuni na 2024 gwamnatin soja da ta karɓi mulki a 2023 ta janye lasisin daga kamfanin, wanda ya koma suna Orano, bisa dalilin cewa bai cika alkawarin fara aiki ba. Shekara 58 ke nan daga ganowa zuwa janye lasisi, ba a sayar da ko laba ɗaya ba.

COMINAK kuwa dutsenta mai kyau ne ya ƙare, aka rufe ta ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikata kimanin 600 suka rasa aiki, aka bar tulin tarkacen dutse mai illa na miliyoyin tan a gefen gari ana ta faman binne shi. SOMAIR tana da sauran dutse, amma bayan juyin mulkin 2023 iyakar Nijar da Benin ta rufe, kayan da ake kaiwa tashar Kwatano, tafiyar kusan kilomita 2,000, suka rasa hanyar fita. Kamfanin Orano ya kai ƙara kotun sasanci ta duniya, gwamnatin Nijar kuma ta mayar da mahaƙar mallakar ƙasa a watan Yuni na 2025, tana mai cewa shekara da shekaru ba a yi mata rabon adalci ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma wanda ya fi jin jiki shi ne ma'aikaci da ɗan kasuwar Arlit.

Halin da ake ciki a Nijeriya

Nijeriya ta kafa hukumar makamashin nukiliya a 1976, sannan ta kafa kamfanin NUMCO tare da Faransawa domin neman yuraniyam. An yi bincike a arewa maso gabas, a wurare irin su Gubrunde da Mika da Ghumchi. An sami dutse, amma abin da aka tabbatar kaɗan ne, bai kai a kafa masana'anta dominsa ba, kuma abokan hulɗar suka janye a ƙarshen shekarun 1980. Wannan ya nuna cewa ko inganci ya samu, sai yawa ya raka shi.

Ta fuskar doka, sashe na 44 na tsarin mulkin 1999 ya danƙa duk ma'adinai a hannun gwamnatin tarayya. Mai gona yana da haƙƙin amfanin gonarsa da diyya, amma abin da ke ƙarƙashi ba nasa ba ne. Dokar ma'adinai ta 2007 ta bambanta lasisin bincike, mai wa'adin shekara 3 da ake iya sabuntawa, da lasisin haƙa mai shekara 25. Ta kuma wajabta wa kamfani ya ƙulla rubutacciyar yarjejeniyar raya al'umma da mutanen wurin kafin ya fara aikin haƙa.

Shawarwari

Na farko, idan an bugo maku waya an ce an ga ma'adini, ku tambaya: wane irin lasisi baƙin ke riƙe da shi, kuma an tabbatar da shi a ofishin rajistar ma'adinai na Abuja? Na biyu, ku tambayi nawa ne a tan, kuma rijiya nawa aka huda aka auna. Duk wanda ya kasa amsa waɗannan, cinikin biri a sama yake so a yi da shi. Na uku, ku hana 'yan'uwa sayar da gonakin gado ko sa hannu a takardar amincewa saboda jita-jita, sai lauya ya karanta ta. Na huɗu, ku gargaɗi matasa kada su kai dutsen da ba su sani ba cikin gida su daka. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, kuma illar yuraniyam ido ba ya ganinta, sai na'ura. Na biyar, mu ƙarfafa wa 'ya'yanmu gwiwa su karanci ilimin duwatsu da injiniya da shari'a. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai cibiyar binciken makamashi wadda ke da ƙaramar na'urar nukiliya tun 2004, ana auna samfurin dutse a can. Ranar da za a zauna teburin yarjejeniya, garin da ke da ɗansa mai iya karanta sakamakon awo shi ne ba za a yi wa sakiyar da ba ruwa ba.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.