Jawabi Kan Tallata Sana'o'in Hannu Na Gida Ta Intanet



Ƙasar Zazzau ta daɗe da yin suna wajen ɗinkin hannu. Babbar riga mai aska takwas takan ci watanni ana aikinta, amma idan ta isa kasuwar Sabon Gari dillali ne yake kwashe riba, maɗinki ya tashi da kuɗin zare. Haka iyayenmu mata na Jama'a da Samaru suke fama da hula da faifai. Shi ya sa yaranmu suke gudun sana'ar gado.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, yau ga Facebook da WhatsApp a hannunmu mu mazauna Kaduna, Abuja da Legas. Roƙonmu shi ne, duk wanda ya zo gida ya ɗauki hoton kayan da rana, ya rubuta girma da farashi da sunan mai aikin, sa'annan kuɗi su shiga hannun mai aikin kai tsaye. Kada mu nuna wani kaya mu aika da wani, domin amana ita ce jarinmu.

Allah Ya yi mana jagora. Wassalam.