Takardar Shaidar Karatu a Matsayin Kayan Tarihi
Laccar da aka gabatar a gidan kayan tarihi na Gawi, kusa da N'Djamena



Baƙon da ya zo Gawi tukwane yake zuwa gani da kayan mutanen Sao da ke cikin wannan tsohuwar fada. Ni kuwa yau kan takarda zan yi magana, wadda take kwance a ƙasan adakar kowane gida.

A Amurka akwai masu tara tsofaffin takardun kammala kwaleji, har gwanjonsu ake yi. Ɗauki misalin kwalejin Harvard: an kafa ta a 1636, ta yaye ɗalibanta na farko, su tara, a 1642. A zamanin farko ɗalibi ne ke neman mai kyawun rubutu ya rubuta masa shaidar da Latinanci a kan fata, sannan ya kai wa shugaban kwaleji ya sa hannu. Shi ya sa ba a cika samun biyu iri ɗaya ba, kuma abin da ke ƙara musu kuɗi ke nan. Da Harvard ta mayar da shaidarta Turanci a 1961, sai da ɗalibai suka yi zanga-zanga.

To, mu fa? Muna da ijaza, kuma a ganina ta fi difloma amfani ga mai binciken tarihi. Difloma sunan makaranta take faɗa maka. Ijaza kuwa mutane take lissafawa: wane ya karanta littafi kaza wurin wane, shi kuma wurin wane, har silsilar ta kai ga mawallafi. Ta wannan hanya muka san cewa Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya karɓi ijaza a Alƙahira daga Murtala Zabidi. Shehu ya tattara silsilolinsa a cikin Asanid al-Faƙir, ƙanensa Abdullahi kuma ya jera malamansa a Ida'un Nusukh. Wanda ya bi waɗannan sunaye zai ga hanyar da ilmi ya biyo da ƙafa, zango bayan zango.

Kada mu manta da allon zayyana na saukar Alƙur'ani. Wannan kam tuni masu sayen kayan tarihi suka gano shi, ana rataye shi a bango a Turai don ado, ba sunan mai sauka, ba sunan malaminsa. Da zarar an raba shi da gidansu, rabin labarinsa ya tafi.

Takardar boko ma ba ta da raini. Ku duba satifiket ɗin firamare na kakanku. In an rubuta Fort-Lamy, kafin 1973 ne, shekarar da Shugaba Tombalbaye ya sauya wa birnin suna zuwa N'Djamena. In hatimin Faransa ne, kafin 'yancin 1960 ne. In ta Jami'ar Chadi ce, ba za ta riga 1971 ba. Yaƙin da aka yi a N'Djamena a 1979 da 1980 ya lalata takardun ofisoshi da yawa, saboda haka wadda iyali suka tsallake kogi da ita zuwa Kuseri ta Kamaru tana iya zama ita kaɗai ta rage.

Roƙona biyu ne. Kada ku sayar da tsohuwar takardar shaida. Ku bari a ɗauki hotonta gaba da baya a ajiye a nan. Kuma don Allah ku daina kai tsohuwar takarda a manne ta cikin leda da zafi, domin ba ta sake fita, tawadar ma kan lalace. Ku sa ta tsakanin farar takarda biyu, a ɗaga ta daga ƙasa saboda gara da damshin damina.