Ciwon Suga da Abincin Rabo: Jawabin da Muka Gabatar a Taron Shugabannin Unguwanni



Mu ma'aikatan sashen kare haƙƙin 'yan gudun hijira ba likitoci ba ne. Abin da ya kawo mu ga wannan magana shi ne, a cikin masu zuwa teburinmu neman taimako na musamman, masu ciwon suga suna ƙaruwa, kuma kukansu ɗaya ne: likita ya ce a kiyaye abinci, alhali abincin da ake da shi, shi ne wanda aka raba. Mun zauna da ma'aikatan asibiti, ga abin da muka fahimta.

Duk hatsin da muka ci, shinkafa ce ko gero ko dawa ko masara, jiki yana mayar da shi suga ya shiga jini. Daga nan wani sinadari mai suna insulin yake kai sugan cikin tsoka a yi aiki da shi. Mai ciwon suga, ko dai insulin ɗinsa ya yi kaɗan, ko jikinsa ya daina jin sa sosai, sai sugan ya taru a jini. Idan aka daɗe a haka, yana lalata ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa. Wani abinci yana zuba sugansa cikin jini gaba ɗaya kamar ruwan sama a kan fako, wani kuma a hankali.

A shekarar 1981 wani likita mai suna David Jenkins da abokan aikinsa a jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada suka fito da ma'aunin wannan sauri. Suka ba tsantsar sugan jini maki 100. Abincin da ya kai 70 zuwa sama mai sauri ne, 55 zuwa ƙasa mai tafiya a hankali. Burodi da yawancin farar shinkafa suna sama da 70. Wake yana ƙasa sosai, gyaɗa ma haka.

Wannan ne ya sa muke so mu tsaya a kan wake. Muna gani, ranar rabo ba a kai la'asar ba wake ya isa kasuwa. Ba zargi muke yi ba, mun san ana bukatar kuɗin sabulu da niƙa da itace. Amma gidan da ke da mai ciwon suga, in suka sayar da wake suka sayo burodi da suga, sun ba da abin da ke taimakonsa sun karɓo abin da ke cutar da shi. Shinkafa da wake ta fi shinkafa tsura, musamman in waken ya kai rabi. Alale da ɗan wake ma suna cikin lissafi.

Sai yadda ake sarrafa hatsin. Dusar da muke cirewa wajen surfe tana cikin abin da ke rage saurin. Hatsin da aka ɓarza ya fi wanda aka niƙa ya yi laushi, shi ya sa dambu ya fi koko da aka tace aka zuba wa suga. Tuwon shinkafa da ya dahu ya narke ya fi dafaffiyar shinkafa saurin shiga jini. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan aiki, roƙonmu kawai a rage surfe a tukunyar mara lafiya. A yawaita miya a rage malmala: kuka, kuɓewa, yakuwa, ko kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli. Fura a dama ta da nono ba suga. Yawa ma yana da nasa: tuwon dawa mai dusa, in aka ci malmala uku, sugan zai hau. Ɗan tattaki bayan cin abinci yana taimakawa.

Matasan majalisar shayi, ku yi haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kimanin giram 50 na suga a rana, wato wajen ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo guda tana ɗauke da kusan cokali 9. Ku lissafa abin da ke shiga buta daga zubi na farko zuwa na uku. Zuma ma suga ce.

Akwai kuskure biyu da muke tsoro. Wata baiwar Allah ta ji an ce hatsi suga ne, ta daina cin tuwo tana ci gaba da shan magani, sai a bakin famfo aka ɗauke ta a sume. Mai shan magani ko yin allura kada ya tsallake abinci. In ya ji rawar jiki da gumi da jiri, a dama masa ƙaramin cokali uku na suga a ruwa ya sha nan take, sannan ya ci abinci. In ya riga ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Na biyu, wannan bayani ba dalilin rage wa yara da masu ciki da masu shayarwa abinci ba ne. Garin kunun da ake ba su, su sha abinsu.

Wanda ke yawan fitsari da ƙishirwa, yana rama, ganinsa na raguwa, ko yana da miki a ƙafa da ya ƙi warkewa, ya je a gwada shi da safe kafin ya karya. Ɗigon jini ne daga yatsa. Idan an samu 126, wanda a takardun nan ake rubutawa 1,26, ko fiye, za a sake gwaji a tabbatar. Wanda aka tabbatar masa, ya zo teburinmu da katinsa da takardar asibiti mu sa shi cikin masu bukata ta musamman. Tsohon da ba ya iya tafiya, shugaban unguwa ya sanar da mu, za mu iske shi gida.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.